Alkamar Arewa: Wa Ya Ƙirga Ruwan?

Mafi yawan burodin da ake ci a Nuzla da sauran unguwannin Jidda, da alkamar ƙasashen waje ake yin sa, ruwan shan birnin kuwa daga Bahar Maliya ake tace shi. Ba haka Saudiyya ta tsara ba tun farko. Daga ƙarshen shekarun 1970 ta ƙudiri aniyar ciyar da kanta, ta riƙa sayen alkama a hannun manomanta da farashin da ya ninka na kasuwar duniya sau da dama. Aka haƙa rijiyoyi masu zurfi a Ƙasim da Ha'il da Tabuka, hamada ta yi kore shar. A 1992 abin da aka girbe ya haura tan miliyan 4, har ana fitarwa waje. Sai dai ruwan da aka yi wannan bajinta da shi tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin ƙasa tun shekaru dubbai, kuma babu daminar da za ta mayar da shi. A 2008 gwamnati ta yanke shawarar rage sayen alkamar gida da kashi 12.5 cikin ɗari kowace shekara, aka rufe shirin a 2016. Daga baya an ɗan sassauta wa ƙananan manoma, amma bisa ƙa'ida da iyaka.

Mun kawo wannan tarihi ne domin alkama ta sake zama abin tutiyar 'yan siyasarmu. A watan Nuwamban 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a Jigawa, da rangwamen iri da taki. Ba sabon abu ba ne. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, ta janye hanin bayan 'yan shekaru, ba tare da an kai ko kusa da biyan buƙatar ƙasa ba. Muna sane da nauyin kuɗin da ake kashewa wajen shigo da miliyoyin tan kowace shekara, kuma ba ma ƙin manomin Auyo ko Kura ya samu abin sa wa a aljihu da rani. Tambayarmu guda ce: a duk jawaban da ake yi na kadada da buhu, wa ya taɓa tashi ya faɗi ruwan da za a sha, da kuma wanda za a hana?

Za a ce ruwan fadamarmu ba irin na Ƙasim ba ne, yana sabuntawa. Gaskiya ne, amma me ke sabunta shi? Ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are ce ke malala kan fadama, ta nutse, ta cika rijiyoyi. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, wannan ambaliya ta ragu, lokacinta kuma ya rikice. Ruwan da ake saki duk shekara ya ba kachala damar toshe hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru, wani wuri ya nutse, wani ya bushe, tsuntsun jan-baki ya samu masauki yana cinye shinkafa. Masunci da makiyayi da manomin Gashuwa, har da mai tattasai a Diffa ta Nijar, duk a kan ruwan nan ɗaya suke. Idan an tare shi a sama, su ake zalunta, kuma babu mai gayyatarsu bikin ƙaddamarwa.

Ga kuma injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, wanda ake rabawa ana tafi. Alheri ne ga wanda tsadar fetur ta karya. To amma tsadar fetur ɗin ce, duk da muninta, take sa manomi ya kashe inji idan gona ta ƙoshi. Yanzu babu mai kashewa, kuma babu awo.

Saudiyya da ta ga ruwa na ƙarewa, tana da kuɗin mai da za ta sayi abinci da gonaki a ƙetare. Abin ma da ɗaure kai, kamfaninta na SALIC ya sayi fiye da kashi ɗaya cikin uku na Olam Agri a 2022, wato masu Crown Flour Mill da ke niƙa fulawar da ake ci a Kano. Mu ba mu da wannan mafita. Gero da dawa da wake, waɗanda suka san ƙasarmu da ƙarancin ruwanta, ba su samun rabin kulawar da ake ba alkama, alhali ita sai da sanyin hunturu take yi, sanyin da bai wuce wata uku ba.

A cikinmu akwai injiniyoyin ruwa da masana aikin gona da na tattalin arziki. Ya kamata mu yi magana da murya ɗaya, mu nemi Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta riƙa buga adadin ruwan da ake saki daga Tiga da Challawa kowane wata, jihohi kuma su sa awo a rijiyoyin fadama kafin a ƙara kadada ko ɗaya. Duk ɗan takarar da ya sake ɗaga maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, a tambaye shi a bainar jama'a abin da zai rage wa Yobe.