Aure ya mutu, kosiyon ta bi wa?

Ina da magana da masu gidajen haya, da mu matasa masu kama ɗaki a Yamai da Maraɗi.

Ranar shiga gida kowa ya kawo nashi: miji albashi, mata kuɗin adashinta, a haɗa kosiyon da ladan dillali. Amma kontira, in ma akwai ta, sunan namiji kaɗai ke ciki. Ranar da saki ya faɗo, sai a ce ta kwashe kwanoninta kafin magariba, alhali addinin da muke tinƙaho da shi cewa ya yi ta yi idda a ɗakinta. Shi ko mai gidan haya ya riƙe kosiyon, wai an fita kafin wa'adi, sati bai cika ba ya zuba wani. Haba! Kuɗi biyu kan ɗaki guda?

Har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali. To kafin a yi, mu yi namu: sunaye biyu cikin kontira, rasit kan kowace jika, a rubuta yadda za a raba kosiyon in zama ya ƙare. Wannan ba fatan tsiya ba ne. Ko gona ake jingina, da shaidu ake yi.