Robert Caro da Farashin Haƙuri

Tun shekarar 2012 masu karatu suke jiran juzu'i na biyar, kuma na ƙarshe, na tarihin shugaban Amurka Lyndon Johnson da Robert Caro yake rubutawa. An haifi marubucin a New York a 1935, editansa Robert Gottlieb kuma ya rasu a 2023, don haka fargabar da ake yi tana da tushe. Duk da haka, masu cewa ya gaggauta ba su fahimci abin da ya ba aikinsa daraja ba.

Caro ya yi suna ne a matsayin ɗan jarida mai bincike a Newsday. A can ya lura cewa Robert Moses, wanda jama'a ba su taɓa zaɓensa ba, shi ke yanke inda manyan hanyoyi da gadojin New York za su bi. Littafin da ya rubuta a kansa, The Power Broker, ya ci shekara bakwai, har matarsa Ina ta sayar da gidansu don su samu abin kai wa bakin salati. Ya fito a 1974, ya kuma samu kyautar Pulitzer.

Wani ɓangare na wannan lokaci ya tafi ne wajen neman waɗanda mulki ya bi ta kansu. Caro ya binciko mazauna unguwar East Tremont da aka rushe wa gidaje domin hanyar Moses ta wuce. Da ya koma kan Johnson, sai ya tare a karkarar Texas na kusan shekara uku. Tsofaffin mata suka nuna masa wahalar jan ruwa daga rijiya kafin Johnson ya kawo musu lantarki. Ya kuma samo Luis Salas, jami'in zaɓen da ya tabbatar masa an yi aringizo a zaɓen fid da gwani na 1948, wanda Johnson ya lashe da ƙuri'a 87. Mai gaggawa zai kawo ɗaya daga cikin labaran nan biyu, ya fito da waliyyi ko ɓarawo. Caro ya kawo duka.

Gaskiya ne 'yan jarida kaɗan ke da halin irin wannan jira, kuma mai yiwuwa littafin ƙarshe ya rasa mai kammala shi. Asara ce babba idan hakan ta faru. Amma juzu'i huɗu da za a iya dogaro da su sun fi biyar da aka rufe da zato.