ZANCEN MALAM: Daga Dakata Zuwa Pankshin a Kan Babur

Zancenmu na wannan wata, maƙwabcina ne ya jawo shi. Mutumin kirki ne, yana aiki a wata masana'antar robobi a Bompai. Ran nan da yamma ya iske ni a ƙofar gida ina duba littattafan 'yan makaranta. Ya zauna, muka gaisa, sa'an nan ya ce, "Malam, na ji an ce ka taɓa zuwa gida a kan mashin. Ni ma haka zan yi da Kirsimati. Kuɗin mota ya fi ƙarfina."

Na ce, "Kai kaɗai?"

Ya ce, "A'a, da maman yara, da yaran uku. Ƙaramin a kan tanki, biyu a tsakiya."

Ban yi masa dariya ba, gama na san abin da ya kai shi ga wannan tunani. Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya zama abin da maigida yakan kwana yana lissafinsa. Da yawa daga cikinmu mazauna Dakata, masu aiki a Bompai da Sharaɗa da Calawa, asalinmu daga Filato ne, ko kudancin Kaduna, ko ƙasar Tangale. Zuwa gida da iyali biyar, a je a komo, yakan lashe albashin wata. Ga babur kuwa a tsakar gida, yana shan mai kaɗan. Wa ba zai dube shi ba?

Saboda haka na ba shi labarin tafiyata. Zan maimaita muku shi a nan, domin na tabbata ba shi kaɗai yake wannan lissafi ba.

A ƙarshen dogon hutun makaranta na 2024 aka aiko mini cewa tsohuwata tana kwance ba lafiya a ƙauyenmu, bayan Pankshin. Aljihuna ba kome sai kuɗin magani. Na ga in na shiga mota, rabin kuɗin maganin zai tafi a hanya. Na ce wa uwargida da babur zan tafi. Ta yi shiru, can ta ce, "Baban yara, in ka ƙudura ba zan hana ka ba. Amma ka yi mini alkawari biyu. Ba tafiyar dare, ba kuma cire hular kwano." Na yi mata alkawari.

Da yake ni malami ne, sai na fara da alli. Daga Kano zuwa Jos kimanin kilomita 300 ne. Daga Jos zuwa Pankshin kimanin 120. Jimla 420 ke nan. Dokar hanya ta Nijeriya ta yanke wa babur gudun kilomita 50 a awa. In ka raba, za ka samu awa takwas da ɗoriya, ba tsayawa, ba cin abinci, ba ramuka, ba shingen bincike. Wato ba tafiyar yini guda ba ce ga mai son kansa da lafiya. Na raba ta biyu, na shirya kwana a Jos wurin ɗan wan babana.

Kwana biyu kafin tashi na kai babur wurin makanike. Ɗan Boxer ne, irin wanda kowa ya sani. Aka juye baƙin mai, aka ɗaure sarƙa, aka sa sabon takalmin birki gaba da baya, aka duba fitila. Na sayi fulogi guda da robar cikin taya ta ajiya, na haɗa da sifana da rigar ruwa. Takardun babur da lasin na sa su cikin leda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama hukuma tana sa ido a kan babura. A Janairun 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa cikin birni, a Jos da Bukuru kuwa an riga an hana. Mai babur na kansa, in bai riƙe shaida ba, yakan sha dogon bayani a shinge.

Ranar tafiya muka yi addu'a da iyali, ƙarfe shida na tashi. Na bi ta Yankaba da Hotoro, na faɗa titin Zariya, na haye gadar Tamburawa. Wajen Kura, hagu da dama shinkafa ce kore shar, albarkacin ruwan madatsar Tiga wadda aka gama a 1974. Amma ban sami sukunin kallo ba. A wannan titi babur ba kome ba ne. Tirela in ta wuce ka, iskarta takan ture ka, sa'an nan ta jawo ka zuwa gare ta. Na riƙe gefena, na bar wa manya hanyarsu.

A Kwanar Dangora na sha shayi, na bar titin Zariya na karya hagu. Daga nan hanya ta zama guda, mota mai zuwa da mai tafiya duk a kanta. Gonakin dawa da gero suka rufe ƙauyuka, sai rufin kwano kake hangowa. Na cika tanki a Tudun Wada, domin kada in dogara ga 'yan bumburutu a gaba.

Bayan Tudun Wada sai dajin Falgore. Wanda bai taɓa fita daga cikin Kano ba, da wuya ya yarda akwai irin wannan daji a jihar. Itatuwa ne manya, ciyawa ta fi tsayin mutum da damina, birai suna zaune a bakin kwalta suna kallonka kamar kai ne baƙon. Gandun namun daji ne, Kogin Kano kuma ta cikinsa yake bi kafin ya zuba a Tiga. A shekarun baya ya yi ƙaurin suna saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu. Don haka na jira motoci biyu suka zo, na bi bayansu, ban tsaya ba sai da muka fita.

Ban yi nisa da fita ba na ji baya tana rawa. Ƙusa ce. Na kwance jaka, ga roba, ga sifana, amma famfo yana Dakata a bayan ƙofa. Haka na tura babur cikin rana har ƙauye na gaba. Mai faci wani dattijo ne, yana alwala sa'ad da na iso. Ya ce in zauna a inuwa, ya aiki jikansa ya kawo mini ruwa. Da ya idar da salla ya gyara tayar, sa'an nan ya dube ni ya ce, "Malam, da a tsakiyar daji ta same ka fa?" Na ce, "Baba, ai sai abin da Allah ya yi." Ya ce, "Haka ne. Amma ka sayi famfo a Saminaka." Na kuwa saya.

Daga wannan yanki ƙasa takan fara sāke kama. Duwatsun Riruwai suna can gefe, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Dawa ta ragu, masara ta karɓi fili, gama Saminaka babbar kasuwar masara ce, 'yan kasuwar Dawanau ma sun san ta. A nan na ci abinci, na huta rabin awa. Mai babur ya kamata ya sauka kowace awa biyu ko bai ji gajiya ba. Hannu yakan yi tsami, ido yakan gaji, barci kuwa ba ya sallama.

Bayan Jengre aka shiga hawa. A nan na ga abin da nake koya wa 'yan aji shida ya fito daga littafi. Kano tana kusan mita 500 bisa teku, Jos kuwa ta haura mita 1,200. Kowane hawan mita 1,000, zafi yakan ragu da wajen digiri shida, iska kuma takan yi shara-shara. Inji da iska yake ƙona mai, saboda haka yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a irin wannan hawa. Na murɗa totur, babur yana kuka, tafiya ba ta ƙaru ba. Maganin abin a sauko giya ne, a yi haƙuri. Ana cikin haka hadari ya taso daga bayan dutse, ruwa ya sauko da sanyi irin wanda na manta da shi. Na fake a rumfar masu sayar da tumatir har ya tsagaita. Ƙarfe biyar na shiga Jos, haƙorana suna kaɗawa. Awa goma sha ɗaya ke nan daga Dakata.

Kashegari na bi ta Bukuru da Barkin Ladi da Mangu da Panyam. Wannan hanya tana da kyan gani ƙwarai. Ga duwatsu an ɗora wani bisa wani kamar da hannu. Ga shingayen ƙyarana kewaye da gidaje. Ga gonakin acca da dankalin Turawa. Ga kududdufai masu zurfi waɗanda kamfanonin haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa. Wajen Kerang kuma ga tuddan da suka yi aman wuta a zamanin da. Amma ƙasa ce da ta sha kuka. A 2023 an yi ta kashe-kashe a ƙauyukan Mangu, a daren jajiberen Kirsimati na shekarar kuma aka kashe mutane fiye da 100 a yankin Bokkos da Barkin Ladi. Saboda haka kafin in tashi sai da na buga waya gida na tambayi lafiyar hanya. Da tsakar rana na iso. Tsohuwa ta ga ɗanta, ta sha magani, ta kuwa samu sauƙi. Man da na sha daga Kano bai wuce lita 11 ba.

Da labarin ya ƙare a nan, da maƙwabcina ya tafi yana murna. Amma akwai saura, kuma laifina ne.

Ranar komowa 'yan'uwa suka ɗaure mini rabin buhun dankali da acca a baya. Daga ƙauyenmu zuwa kwalta gangara ce mai tsawo, ga tsakuwa, ga kwana-kwana. Sai rowa ta zo mini. Na ce bari in kashe inji in sa a firi, in rage shan mai. Da fari abin daɗi, shiru, sai iska. Ina ta taka birki, ina ta taka birki. Ban tuna ba cewa birki da gogayya yake aiki, gogayya kuwa zafi take haifarwa, in ƙarfen ya yi zafi ƙwarai sai ya daina kamawa. A kwana ta huɗu na taka, ƙafata ta tafi ƙasa, babur bai ji ba. Nauyin dankali yana tura ni daga baya. A gabana rami ne. Na karkata zuwa wajen dutse, na faɗa cikin gonar acca. Kaina ya bugi dutse har hular kwano ta tsage.

Na tashi da ƙujewa a gwiwa da kafaɗa, ba karaya. Na zauna ina duban hular nan. Na tuna da Janairun 2009, sa'ad da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa a Kano suka riƙa kifa ƙwarya a kā, mu kuwa muna dariya. Da ƙwarya ce a kaina ran nan, da wani ne yake rubuta muku wannan shafi. Man da na so in tara kuwa bai cika kofin shayi ba.

Ga ka'idar, ku koya wa samarinku. Giyar da ka hau dutse da ita, da ita za ka sauka. Inji a kunne, kuloci a sake, shi zai riƙe babur, birki ya zama mataimaki kawai. Ku tuna kuma, a gudun kilomita 50 kana cin mita 14 kowace daƙiƙa. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki zai buƙata kafin ka tsaya yakan ninku sau huɗu. In ka ƙara nauyi a gangara, abin ya ƙara muni.

Da na kai nan na ce wa maƙwabcina, "To, ɗan'uwa, ka ɗauki ƙaraminka ka sa shi a kan tanki a waccan kwana. Ka gaya mini ina zai faɗa." Bai amsa ba.

Na ƙara masa da cewa tasa tafiyar ta fi tawa wuya. A Disamba hazo yakan rufe hanya, direba ba ya ganin babur sai ya zo kansa. Motoci sun yi yawa, kowa yana sauri. Sanyin Filato da dare yakan sauko kusan digiri 10, yaro kuwa a gaban babur shi ne yake tare wa kowa iska. Yaro yakan yi barci a hanya, hannunsa ya saki. Hular kwano guda ce a gidan, kawuna biyar. Sa'an nan masana'anta ba ta sallamar ma'aikata da wuri, sai mutum ya ce bari ya tashi da yamma ya ci dare. A nan ne sauri yake haifar nawa.

Ban ce kada kowa ya hau babur zuwa gida ba. Na yi, in ta kama zan sāke. Namiji lafiyayye, shi kaɗai, da rana, cikin kwana biyu, da babur gyararre, da hula mai igiya a ɗaure, da famfo a jaka, zai iya. Zai kuma ga ƙasarsa yadda mai barci a cikin mota ba ya ganinta. Amma mata da yara, a nema musu mota. In kuɗi bai kai ba, a yi adashi tun da sauran watanni, ko gida biyu uku su haɗa su ɗauki shatar mota guda. In duk bai yiwu ba, a aika wa tsofaffi abin da ya samu, a kira su a waya, a je da Ista. Ba tsohuwar da za ta fi son ganin jikokinta a gadon asibiti.

Shekaranjiya maƙwabcina ya leƙo. Ya ce sun shiga adashi da abokan aikinsa huɗu, maman yara da yaran za su bi mota, shi kuwa zai biyo su a mashin. Ya roƙi aron famfona. Na ba shi, na haɗa masa da tsagaggiyar hular nan, na ce ya rataye ta inda zai riƙa ganinta har ranar tafiya, amma ya sayi sabuwa.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya komo da shi lafiya. Sai wata mai zuwa.