Sharhin Masoya Ba Ya Nuna Inda Mai Karatu Ya Gudu



Akwai maganar da ta yi yawa a tsakaninmu: wai adabi ba lissafi ba ne, don haka marubuci ba ya buƙatar duba alƙaluman masu ziyartar shafinsa na intanet. Mu dai ba mu yarda ba. Masu wannan magana su ne kuma ke kwana ƙirga "Allah ya ƙara basira" a ƙasan rubutunsu. Ashe ba lissafi suka ƙi ba, wanda ba zai yi musu daɗi ba suke gudu.

Sharhi daga masoya yake fitowa, so kuwa hana ganin laifi. Wanda labarinka ya gundure shi a babi na uku ba zai rubuto maka ba, rufe shafin zai yi ya ƙara gaba. Shi ya fi kowa abin koya maka, kuma a alƙaluma kaɗai za ka ga sawunsa.

A zamanin adabin kasuwar Kano, marubuci kan fitar da littafi na ɗaya, mai shagon littattafai ya gaya masa ko ana zuwa neman na biyu.  Yau da karatu ya koma waya, manhajojin nazarin masu ziyara ne suka gaji aikin mai shago.

Google Analytics yana nan tun 2005, kuma kyauta ne. Yana nuna maka ta ina mai karatu ya shigo, ta Facebook ne ko ta binciken Google, da waya yake ko da kwamfuta, kuma daga wace ƙasa. Sabon tsarinsa, wanda ya maye gurbin tsohon a Yulin 2023, yana ware wanda ya leƙo ya fice da wanda ya haura daƙiƙa 10 ko ya buɗe shafi na biyu, yana kuma lura da wanda ya gangara har kashi 90 cikin 100 na shafi. Google Search Console yana nuna kalmomin da aka rubuta kafin a faɗo wurinka. Microsoft Clarity, shi ma kyauta, yana zana maka inda yawancin mutane suka daina gangarawa.

A ce mutum 500 sun buɗe babi na ɗaya, 400 sun kai na biyu, sai 90 kacal suka buɗe na huɗu. Duk yabon duniya ba zai goge wannan ba. Akwai matsala a babi na uku: ko tsayi ya yi yawa, ko labarin ya tsaya cak, ko kuwa hotuna masu nauyi ne ke cinye data har shafin ya ƙi buɗewa. Kowanne da maganinsa, amma sai ka san wurin ciwon.

Za a ce bin alƙaluma zai mai da mu masu rubuta abin da kasuwa ke so kawai. Wannan tsoro yana da tushe, mun ga shafukan da suka koma kanun yaudara don a latsa. Amma laifin mai shafi ne. Alƙaluma suna nuna inda aka tsaya, ba sa faɗin dalili, ba sa kuma zaɓar maka jigo. Idan ka duba ka ga babin da aka guje shi ne ƙashin bayan labarinka, ka bar shi. Ka dai bar shi da sani, ba cikin duhu ba.

Aikin wannan mako: duk mai shafi ya buɗe alƙalumansa na kwana 28 da suka wuce, ya nemo babin da aka fi watsewa a kansa, ya sake karanta shi kamar ba shi ya rubuta ba. Wanda ke Blogger ko Wattpad ba shi da uzuri, suna da nasu ƙididdigar a ciki. Ku kawo mana abin da kuka gani, mu tattauna. Gani ya kori ji.