Ba Yaranmu Ne Ba Su da Natsuwa a Filin Ƙwallo Ba, Mu Ne



Ranar Asabar na tsaya a wani filin unguwa ina kallon wasan yara 'yan ƙasa da shekara goma. Ƙwallo ta zo ƙafar wani yaro, nan take mutum uku suka kama ihu. Koci na cewa ya ba da fas, babansa na cewa ya buga raga, yayansa na cewa ya yanke. Yaron ya tsaya yana waige-waige har aka ƙwace ƙwallon. Sai kocin ya daka masa tsawa wai ba shi da natsuwa. Don Allah, wa ya raba masa hankalin?

Na gaji da jin "yaran yanzu ba sa mai da hankali". Mu dubi abin da muke yi musu. Muna tara yara 22 a filin manya, wani sai ya yi minti goma bai taɓa ƙwallo ba, mu kuma yi mamaki don ya koma kallon Keke Napep a titi. Muna jera su a layi suna jiran bugu ɗaya. Muna fito da su cikin zafin Afrilu, lokacin da Maiduguri ke haura digiri 40, ba ruwan sha. Wani ma ya kwana yana latsa waya. Ko babba ba zai natsu a haka ba.

Wasu za su ce mu ma da tsawa da bulala aka koya mana. Gaskiya ne, amma abokanmu nawa suka bar ƙwallo saboda tsoro? Yaron da ke tsoron koci, fuskar koci yake kallo.

A Ingila an daɗe ana sa ƙananan yara wasan biyar-biyar ko bakwai-bakwai a ƙaramin fili. A 2022 hukumar ƙwallonsu ta ware ƙarshen mako guda da aka ce iyaye da koci-koci tafi kawai za su yi, ban da ihu, don yaro ya yi tunani da kansa.

Ga shawarata. A raba yara huɗu-huɗu ko biyar-biyar, kowa ya riƙa taɓa ƙwallo. Atisaye ya zama bayan la'asar, kada ya wuce awa ɗaya, da hutun shan ruwa. Koci ya ba da umarni ɗaya a gajarce, gyara kuma a bari sai an huta. Mu iyaye mu ja bakinmu, mu karɓe wayoyi bayan isha'i.

Garin nan ne gidan El-Kanemi Warriors, wadda ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1991 da 1992 da 2024. Masu gadonta suna filayen Hausari da Gwange da Bulumkutu. Zan kawo maganar nan a taronmu mai zuwa. Wanda bai yarda ba ya zo da hujjarsa.

Allah Ya shirya mana zuri'a.

Sakataren ƙungiya