Mu Tausaya Wa Kunnuwan 'Ya'yanmu

Yau ina so mu yi magana a kan ƙara, wadda muka saba da ita har mun daina ganin laifinta.

Duk wadda ke zaune a Rijiyar Lemo ta san yadda wuni yake. Manyan motoci suna ta ham a titin Katsina, injin markaɗe yana ruri a bakin layi, da an ɗauke wuta kuma kowane gida ya tayar da janareto. In kin leƙa kasuwar Sabon Gari kuwa, sai kin ɗaga murya kafin mai kaya ya ji tayinki. To, duk inda sai kin yi ihu sannan wadda ke kusa da ke za ta ji, ƙarar wurin ta isa yi wa kunne illa.

A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan gashi, wajen 15,000, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya sake fitowa. Abin ba ya zuwa da ciwo, shi ya sa muke sakaci. Sai dai ki ji kunne yana ƙugi bayan an tashi daga biki.

Bikin nan shi ne ya fi damuna. A shiga ɗakin taro, bango siminti, ƙasa tayil, a jera lasifika a ƙure ta. Sautin ya bugi bango ya dawo, amsa-kuwwa ta haɗu da na asali, ƙarar ta ƙaru. A nan za ki ga maijego ta zauna dab da lasifika da jariri a cinya. Haba! Shi ba shi da bakin cewa ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana iya jure ƙara mai ma'auni 80 na awa 40 a mako, amma in ta kai 90, awa 4 kacal. Kiɗan biki yakan kai 100.

Za a ce biki ba kiɗa ai zaman makoki ne. Ban ce a daina ba. Amma uwar biki ita ta biya mai kiɗa, tana da ikon ta ce ya rage. In kuma kin aiki yarinya markaɗe, ki ce ta miƙa ta jira a waje. Janareto kuwa a nisanta shi daga tagar ɗakin yara.

Ku kuma 'yan makaranta masu toshe kunne da abin jin waƙa na waya, in ta kusa da ke tana jin abin da kike ji, ya yi yawa.

Uwargida, in kin ga sai kin kira yaro sau uku kafin ya waiwayo, ko yana ƙure rediyo, kada ki fara da duka ki ce taurin kai ne. Ki kai shi a auna jinsa. Akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.