Filin Shawara: Mai Farantin Rana, Wace Wuta Ta Dace da Gidansa?

Duk wanda ya bi hanyar Filinge zuwa Cikal a ƴan shekarun nan ya ga abin da ya sake a bisa rufin gidaje. Inda a da ake shanyar kuɓewa da wake, yanzu ga baƙin faranti yana shan rana. Wasu sun sayo nasu a kasuwar Filinge ran Lahadi. Wasu kuwa ƴaƴansu da suka tafi bida Abijan ko Kwatano ko Legas ne suka aiko da kuɗin. To, yanzu ga tambayar da ke yawo a majalisun ƙasar Kurfai: mai faranti, in layin NIGELEC ya iso ƙofar gidansa, ya karɓa ko ya bari? In zai karɓa, wane iri? Shi kuma wanda layi bai kai ƙauyensu ba, me zai yi?

Aiki da hasken rana ba baƙo ba ne a Nijar. Tun 1965 gwamnati ta kafa ma'aikatar ONERSOL don wannan aiki, kuma Farfesa Abdu Mumuni, mutumin Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya daɗe yana shugabancinta. Dattawa ba su manta da akwatunan talabijin na makarantu da na dandalin ƙauye ba, waɗanda farantin rana ke kunnawa. Ƴan baya ma sun ga darasi a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take aikowa. A lokacin, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa, kuma ba ta dawo ba sai cikin 2024. Wanda ya sayar da farantinsa don layi ya iso, ya yi da-na-sani a waɗannan watanni.

Abu na farko da ya kamata mai gida ya gane shi ne wannan. A ƙasashe irin su Faransa da Jamus, kamfanin lantarki yana sayen rarar wutar da farantin gida ya samar da rana. Mitar da aka saba girkawa a gidajen nan kuwa ba a yi ta don ƙirga wutar da ke fita ba. Saboda haka wutar tsakar rana, in ba a yi aiki da ita nan take ba, kuma batir ya riga ya cika, ta tafi a banza kamar ruwan sama bisa fako. Yawan faranti ba shi ne dabara ba. Dabara ita ce mutum ya san abin da gidansa ke ci, musamman da dare.

Lissafin ba wuya. A jikin kowane kayan wuta an rubuta ƙarfinsa da wat. Sai a ninka wat ɗin da yawan awoyin da yake kunne. Ga misalin gida mai matsakaicin hali. Ƙwan fitila 4 masu wat 5, awa 5 kowane dare, sun ci 100. Talabijin mai wat 40, awa 4, ta ci 160. Fanka mai wat 50, awa 8, ta ci 400. Cajin salula 4, a ce 40. Jimla 700 ke nan a yini. A takardar kuɗin wuta, 1000 ake kira kilowat ɗaya, don haka wannan gida yana cin kilowat 21 a wata. A lura, fanka ita kaɗai ta cinye fiye da rabi. Mai gida yakan yi wa yara faɗa don sun bar fitila kunne, alhali fankar da ke ɗakinsa ita ce kurar.

Faranti mai wat 200, in yana da tsabta kuma an karkata shi kaɗan yana kallon kudu, yana iya biyan wannan bukata a rana mai haske. Matsalar tana wajen batir. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100 a jiki yana ɗaukar 1200, amma in irin na dalma ne, rabi kawai ya kamata a riƙa ci, wato 600. Wanda ke tatse shi ƙarƙaf kowane dare yana gajarta masa kwana da hannunsa. Ga kuma zafi. A bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafin Kurfai yakan haura digiri 40, kuma masana sun tabbatar cewa duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana iya rage wa batirin dalma rabin rayuwarsa. Faranti mai kyau yakan wuce shekara 20 yana aiki. Batirin da aka ajiye a ɗakin kwano, ana tatsarsa kullum, wani lokaci ko shekara 2 ba ya kaiwa. Nan kuɗin manomi ke zurarewa. Rago ya tafi bana, baɗi kuma a taɓa rumbu, duk a kan batir.

Wannan shi ya sa mai faranti da layi ya iso masa ya fi kyau ya karɓa, amma ya karɓi mafi ƙanƙanta. NIGELEC tana ba da wuta hawa-hawa: akwai mai ƙarfin kilowat 3, akwai 6, akwai sama da haka. Kowane hawa yana da kuɗin da ake biya a wata ko an sha wuta ko ba a sha ba, kuma babban hawa ya fi tsada. A tsarin farashin da aka kafa a 2018, an ware rangwame ga talakan da bai wuce kilowat 50 a wata ba, sannan farashin kowane kilowat yana hawa gwargwadon yawan abin da gida ya ci. Gidan misalin nan mai kilowat 21 bai ko kai rabin wannan iyaka ba. Mai irin wannan gida in ya je ya rubuta kilowat 6 don kawai maƙwabcinsa ɗan kasuwa haka ya yi, ya ɗaukar wa kansa kayan da ba nasa ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Yadda za a raba aikin kuwa, fitilu da cajin salula da rediyo su zauna kan faranti, don ko layi ya ɗauke gida ba zai kwana cikin duhu ba. Fankar dare ta koma kan layi, batir ya huta. Lokacin hazon hunturu da ranakun hadari na damina, layi ne zai rufa asiri. Dutsen guga da abin dafa ruwa kuwa kada su kusanci batir ko kaɗan.

Firigo ita ke sauya lissafi. Matan da ke sana'ar ƙanƙara da ruwan sanyi da zoɓo, musamman cikin azumi, sun san ribarta. Amma firigo ɗaya tana iya cin kilowat 30 zuwa 45 a wata, a bazara ma ta fi. In aka haɗa da 21 na farko, an tsallake 50, rangwame ya kuɓuce. A nan ne ƙarin faranti ke da amfani: firigo ta sha wutar rana tun daga hantsi har la'asar, ƙanƙara ta daskare, da dare a bar ta a rufe, a rage buɗe-buɗe. Haka keken ɗinki mai wuta da famfon ban-ruwan garka, a mai da aikinsu tsakar rana, lokacin da wuta ke kyauta.

Yawancin ƙauyukan gundumar Kurfai ta Tsakiya da rugagen makiyaya dai batun layi bai taso musu ba tukuna, ko da yake gwamnati ta kafa hukumar ANPER a 2013 don kai wuta karkara. Su zaɓinsu biyu ne: saye kuɗi hannu, ko biya sannu-sannu ta salula. Na biyun ya fi tsada in an tara jimla, kuma ran da aka fasa biya na'urar takan kulle kanta. Amma sau da yawa yana zuwa da takardar lamuni da mai gyara. Manomin da kuɗi ba sa shigo masa sai da kaka ya yi tunani sosai kafin ya sa hannu a biyan kowane mako. Mai saye kuɗi hannu kuma ya nemi takarda, ya kuma sa a auna masa farantin a rana kafin ya biya, don akwai masu ɗauke da lambar wat da ba tasu ba. Batirin lithium ya fi tsada, amma ya fi jure tatsa, ya fi daɗewa. Kowane iri aka saya, kada a haɗa batir da faranti kai tsaye ba tare da akwatin daidaita caji ba.

Saura gargaɗi ga masu wuta biyu a gida ɗaya. Kada wani ɗan koyo ya haɗa wayar faranti da wayar NIGELEC wuri guda. In layi ya ɗauke, wutar gidan tana iya komawa kan turaku, ta kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton babu wuta. In layi ya dawo kuma, kayan gidan su ƙone. Dole a sa makunni mai raba su, wanda in ya buɗe wa ɗaya sai ya rufe ɗaya, kuma gwani ne zai girka shi.

Mai niyyar zuwa ofishin NIGELEC na Filinge ya tafi da takardar da aka rubuta masa kayan wutar gidansa duka, da wat ɗinsu, da awoyinsu. Wanda bai iya rubutu ba, malamin yaƙi da jahilci ko wani ɗan makaranta ya taimaka masa. Ya tambayi farashin yau na kowane hawa, da kuɗin wata-wata, da sharaɗin shiga rangwame, kafin ya sa hannu.